Bitar na'urar auna oksijin ta yatsa ga mai jinyar ciwon huhu

Na sayi wannan 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ne lokacin da mahaifina yake jinyar namoniya, wato ciwon huhu, a gida, kuma bayan makonni uku ina aiki da ita safe da yamma, na gamsu cewa tana da amfani ƙwarai ga wanda ya san abin da take aunawa.

Amfaninta ya samo asali ne daga irin ɓarnar da cutar take yi. Ƙwayar bakteriyar da ta fi haddasa namoniya, wato Streptococcus pneumoniae, tana ɗauke da guba mai suna pneumolysin, wadda take manne wa kolastarol, wani nau'in kitse da ke jikin fatar ƙwayoyin halitta, ta huda ta. Gubar tana kassara ƙananan gasun da suke share majina daga hanyoyin numfashi, sannan ta raunana siririn bangon da ya raba jakunkunan iska da jijiyoyin jini, sai ruwa da ƙwayoyin garkuwar jiki su cika gurbin da iska ya kamata ta shiga. Yawancin gubar kuwa tana fita ne idan ƙwayar ta fashe, don haka fara shan magani ba ya tsayar da ɓarnar nan take. Wannan ɓarna ido ba ya ganinta, amma na'urar tana nuna alamarta.

Tana haska haske iri biyu ta cikin yatsa, ja da wanda ido ba ya gani, cikin daƙiƙu kaɗan ta nuna yawan oksijin da ke cikin jini da kuma bugun zuciya. Mai lafiya yakan kasance tsakanin kashi 95 da 100 cikin ɗari. A dare na huɗu ta nuna 91 har sau uku a jere, alhali mahaifina yana cewa ya ji sauƙi, kuma da wannan adadi na kira likita, ya ce a kawo shi asibiti.

Tana da nakasa da ba zan ɓoye ba. Sanyin yatsa, jan farce da rawar ɗari duk suna rikita ta. Abin da ya fi damuna shi ne takan nuna adadi sama da na gaskiya ga masu baƙar fata. Binciken da aka yi a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya gano cewa irin waɗannan na'urori sun kasa gano ƙarancin oksijin ga baƙaƙe kusan ninki uku na yadda suka kasa ga farare. Saboda haka nakan ɗumama hannunsa, in jira minti guda kafin in rubuta adadin, sannan in ƙirga numfashinsa in duba launin leɓensa, in kai wa likita duka bayanan tare.