Madubin USB ɗin nan ya cece ni, amma fitilarsa da ƙafarsa sai haƙuri

Wallahi ban sa rai da wani abin kirki ba da na yi odar madubin nan mai girmama ƙananan abubuwa da ake jonawa a kwamfuta, dama ɗan gilashin hannu mai ninki 10 nake amfani da shi wajen duba tsabar kuɗi, ido ne ya fara gajiya. Yana isowa sai ga wani ya kawo min senti ɗaya na Amurka mai kan Lincoln na 1972, wai irin mai rubutu biyu ne da ake nema ruwa a jallo. A gilashin hannu kam kalmar LIBERTY da ke jikinsa da shekarar duk sun fito biyu-biyu, har raina ya biya.

Ina ɗora shi ƙarƙashin madubin magana ta canza. Layi na biyun a baje yake shafal kamar matakala, kuma cinye jikin harafin ya yi, L ɗin har ya rame. Wannan ai ƙarfen bugu, wato wanda ke buga zane a jikin tsaba, shi ne ya ɗan goce lokacin da inji ya buga, ba ya ƙara wa tsaba daraja. Rubutu biyu na gasken tun wajen ƙera ƙarfen bugun ake samunsa, an danna masa zane sau biyu bai hau daidai ba, shi ya sa duk tsabar da aka buga da ƙarfen nan iri ɗaya take fitowa, harafin ya yi kauri, duka biyun a tashe, bakinsa a tsage. A sentin 1955 mai irin wannan ma ko da ido zalla za ka gani. Na juya wa mutumin allon ya gani da kansa, shi ma ashe haka aka sayar masa, ya tafi jiki a sanyaye. A ranar da an tambaye ni tauraro biyar zan ba madubin.

To amma fitilun nan da suka zagaye bakinsa, haba jama'a! Kan tsaba mai sheƙi sai su cika ko'ina da ƙyalli har su ƙirƙiro inuwar da babu ita, sabon shiga zai rantse ya tsinci dukiya. Dole na kashe su gaba ɗaya na haska da wata fitila daga gefe, sai a lokacin na iya bin wani siririn layi da ya taso daga gefen wata tsabar tawa zuwa wuyan Lincoln, alamar ƙarfen ya tsage. Ita kuwa ƙafar da ke riƙe madubin ta roba ce, kana taɓa wajen saiti hoton ya gudu, ka sake nemo harafin daga farko, kuma gajeriya ce ba ta ɗaga shi ya ɗauki tsabar gaba ɗayanta. Ninki 1000 da suka rubuta a kwali kuwa ban gan shi ba sam.

Tauraro uku. Na tura wa mai sayarwa saƙo kan ƙafar nan har yau ko amsa babu, abin ya ɓata min rai sosai.