Kafin ka sayi littafin matashin da ya rikiɗe

Bangon littattafan matasa na Turanci, waɗanda jaruminsu ke rikiɗa ya zama dodo ana kuma kashe mutane a ciki, kusan iri ɗaya ne: baƙi wuluk, ɗan ɗigon ja, sai fuskar yaro ko yarinya rabinta cikin duhu. A ciki ne suke rabuwa, kuma wanda bai duba ba zai biya kuɗin labarin tsoro ya koma da labarin soyayya.

Na mashaya jini, wato matattun da ke rayuwa da shan jinin mutane, suna da yawa a kanta. Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005 ya kai littafi huɗu zuwa 2008, shi ya buɗe musu kasuwa. Idan rikiɗar kake nema, sai ka yi haƙuri, don jarumar labarin ba ta rikiɗa sai a littafi na huɗu. Mai son bege da kishi zai ƙoshi a nan. Mai son ya gano wa ke kashe mutane zai ga an bar shi a baya.

Ni dai na fi son na rikiɗa zuwa kyarkeci, musamman idan matashin ne ke ba da labarin da bakinsa. Yaro ya farka da asuba, ƙasa cike da farcensa, rigarsa a yage, bai tuna inda ya kwana ba. Kafin azahar an tsinci gawar ɗan ajinsu a bakin daji. Daga nan shi ne mai bincike, shi ne kuma wanda ake zargi, yana wanke hannu a ɓoye yana kauce wa idon mahaifiyarsa. Wanda muryarsa ta taɓa fashewa, jikinsa ya canja ba da izininsa ba, ya san wannan fargabar. Abin da ke ɓata irin waɗannan shi ne gaggawa: wasu marubutan tun babi na uku sun tona komai, sauran shafukan sai faɗa da gudu.

Akwai kuma na wanda wani iko ya ɓullo masa ko wani abu ya shige shi. Carrie na Stephen King, na 1974, shi ake yawan miƙa wa mai tambaya, labarin yarinyar da ake tsangwama a makaranta har ta gano tana iya motsa abubuwa da tunaninta. A lura, don manya aka buga shi, duk da jarumar 'yar makaranta ce. Littattafan matasa yawanci na 'yan shekara 12 zuwa 18 ne, wasu kuma ana rubuta musu 14 zuwa sama, to in ƙanwarka za ka saya wa, duba wannan tukuna.

Batun guda ɗaya ko jeri, na fi ba da shawarar mai kammaluwa a littafi ɗaya. Jeri yakan riƙe sunan mai kisan don ka sayi na gaba.

Idan na lantarki ne, Kindle, manhajar karatu ta kamfanin Amazon, na ba da farkon littafi kyauta, na takarda kuma kana iya buɗawa a tsaye. Nemi mutuwar farko. Mamacin yana da suna? Akwai mai kukansa, akwai kujerar da ta zama wayam a aji? In marubucin ya tsaya a kan haka, saya. In gawar ta wuce a layi biyu aka koma zancen wa ke son wa, mayar da shi kanta.