Zoom H1n a aikin sautin katun: inda yake da kyau da inda yake ba da wahala

Katun ba ya zuwa da sautinsa. Takun ƙafa, marin kunci, faɗuwar tukunya, duk sai wani ya zauna ya ƙirƙira su da hannu yana kallon hoton, salon da ake jingina wa Jack Foley na kamfanin Universal a Amurka. Mafi yawan waɗannan sautuka gajeru ne, masu ƙarfi, kuma daga kusa ake ɗaukarsu. Da wannan ma'aunin muka auna Zoom H1n, ƙaramin rikodan da ya fito a 2018, wanda masu haɗa katun a ɗakunan Samaru da Kongo a Zariya kan fara tambaya a kansa.

Makirufo biyu ne a kansa, sun gitta juna a kusurwa 90. Yana ɗaukar fayil ɗin sauti irin WAV mai inganci har 24-bit/96kHz, yana cin batir AAA guda biyu, kamfanin ya ce suna kai kimanin awa 10. Wannan lissafin na batir mai kyau ne. Na arha da ake sa wa tocila ba zai je ko'ina ba, gara a jona shi da fawa banki ta kebul ɗin USB. Katin memori kuma kada ya wuce 32GB. Mutane da yawa kan sayo na 64GB su ce rikodan ya lalace, alhali ba ya karanta irin wannan katin ne kawai.

A sauti na kusa ba mu da ƙorafi. Ƙoƙo biyu a kife a kan faranti mai yashi suna ba da sukuwar doki, har ƙurjin yashin yana fita. Karya karan dawa busasshe ya zama karayar ƙashi, matsa jiƙaƙƙen soso ya zama taka taɓo, murfin langa a siminti ya zama faɗuwar sakarai. Gwajin da ya fi burge mu shi ne kalangu: a buga sau ɗaya a matse tsarkiyar a hammata, muryar ta haura, a sake ta ta sauko. Wannan lanƙwasar ita ce sautin tsalle ko zarowar ido da wasu ke ta nema a intanet, ga ta a hannun makaɗin unguwa, kuma H1n yana kama ta ba tare da ta dusashe ba. Nisan da ya fi dacewa shi ne santimita 15 zuwa 30, a saita abin daidai tsakiyar makirufo biyun, domin a ƙarshe layi ɗaya za a mayar da sautin.

A riƙa ɗauka a 96kHz ko da fim ɗin a 48kHz zai fita. Dalili shi ne katun yana son a ja sauti. Idan aka rage gudun fayil zuwa rabi a Audacity, manhajar gyaran sauti, murya tana sauka ta yi kauri: kukan kyanwa ya koma na dodo, faɗuwar tabarya ta koma rushewar katanga. Fayil ɗin 96kHz yana jure wannan jan fiye da na 44.1kHz, MP3 kuwa kada ma a fara. Kuɗin da za a biya shi ne wuri, kusan 2GB a kowace awa.

Ƙarfin ɗauka da ɗan faifan murɗawa ake saita shi, ba sai an shiga menu ba, kuma wannan babbar fa'ida ce ga wanda hannunsa ɗaya ke riƙe da ludayi. A buga abin da ƙarfin da za a yi na gaske, a murɗa har ma'aunin ya tsaya tsakanin -12 da -6. Fashewar balan-balan ko bugun faranti kan zarce kafin ido ya gani, idan kuma sauti ya tsage babu manhajar da za ta ɗinke shi yadda yake. Maɓallin LIMITER, mai hana sauti zarce iyaka, yana taimakawa, amma ja da baya taku ɗaya ya fi shi. Wanda aka rubuta wa AUTO LEVEL a bar shi a kashe: da an yi shiru sai ya ɗaga hucin ɗakin, sautin ya riƙa numfashi.

Aibinsa na farko jikinsa ne. Roba ce marar nauyi, duk motsin yatsa yana shiga kamar ana tauna ƙanzo a kunnenka. Ba a riƙe shi a hannu a wannan aikin. Akwai ramin ɗaura shi a ƙafar kyamara, a ɗaura, a sa tsumma a ƙarƙashin ƙafar. Na biyu iska. A hunturun Zariya, ko numfashin mai bugun ya isa ya ɓata ɗauka, hular soso da ake sa wa makirufo tana isa a ɗaki, waje kuwa sai mai gashi. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, sauti mai sanyi. Motsin riga, kiftawar ido, tafiyar ƙadangare a bango, duk suna tilasta a murɗa faifan kusa da ƙarshe, nan kuma tsakin na'urar kanta yake bayyana. Audacity yana ragewa idan an bar daƙiƙa 10 na shirun ɗakin a farkon fayil don ya gane abin da zai cire, amma in aka matsa masa sai sautin ya koma kamar daga cikin ruwa. Ba shi da wurin jona babban makirufo mai XLR, ƙaramin rami na milimita 3.5 kawai.

Sauran matsalar ta gari ce. Makirufonsa ba ya zaɓe: janaretan maƙwabci, Keke Napep, lasifikar masallaci, har ƙananan jiragen koyo na kwalejin tuƙin jirgin sama da ke shawagi ta wajen Palladan, duk zai kwaso. Maɓallin LO CUT, mai yanke sauti mai kauri, idan an sa shi a 80 ko 120 yana rage gurnanin wuta da na fanka, sai dai yana cinye kaurin ganga da turmi, don haka a kashe shi idan su ake ɗauka. Ɗakin ƙasa na cikin Birni mai kaurin bango ya fi shagon bulo da rufin kwano nesa ba kusa ba. In babu, katifa biyu a tsaye da bargo a sama sun wadatar, a yi aikin bayan isha'i ko da hantsi.

Wanda yake da waya kaɗai, H1n ci gaba ne na gaske, domin waya tana danne sauti da kanta tana ɗaukarsa hayaniya. Wanda zai saya sabo ya fara tambayar farashin H1essential na 2024, mai ɗaukar 32-bit float, wanda ya kawar da matsalar saita ƙarfin ɗauka, yana kuma karɓar katin memori da ya wuce 32GB. Idan H1n na hannu za a saya, a sa abin ji a kunne, a tafa a dama a tafa a hagu don tabbatar da makirufo biyun suna raye, a murɗa faifan a ji ko ƙura ta sa shi ƙaraf-ƙaraf, sannan a buɗe gidan batir a duba tsatsa.