Kafin ka sayi kambas na tanis, ka tuna simintin da za ka taka

Wani ƙanen abokina da ya fara bin mu filin tanis nan Birnin Kebbi bayan la'asar ya tare ni da tambaya, wai yaya wane takalmi zan saya ne, na ga naka ya daɗe bai mutu ba. Na ce masa samu wuri ka zauna, maganar ba ta tsaye ba ce. Abin da na gaya masa ne zan zuba a nan, don na san irinsa suna da yawa, ma'aikata da 'yan kasuwa da likita ya ce su rage tumbi, sai su kashe kuɗi a raket su manta da ƙafa.

Ni ma da kambas na gudu na fara, irin mai soso tuli a ƙasa ɗin nan, in ka taka kamar kan katifa. Daɗi kam akwai. Wata rana an jefo min ƙwallo gefen hagu na zabura zan tare, ƙasan takalmin ya kama siminti ya tsaya cak, ƙafata kuma ta ci gaba da tafiya a ciki, sai ji na yi idon sawu ya ce ƙas. Sati uku ina sallah a zaune, mai ɗori har ya saba da gidanmu. Kuma ba laifin takalmin ba ne, shi an yi shi ne don mai tafiya gaba kawai, shi ya sa yake da tudu, samansa kuma raga ce mai laushi. Tanis kuwa rabin wasan gefe da gefe ne, ka ruga ka ci birki ka juyo, don haka nasa takalmin ya fi kusa da ƙasa, gefensa da tauri, tafinsa ya ɗan buɗe ta wajen ƙaramin yatsa don kar ƙafa ta kife. Duk wanda ya ce maka ai kambas kambas ne, bai taɓa targaɗe ba.

A cikin na tanis ɗin ma ba ɗaya suke ba. Akwai masu nauyi da aka yi don riƙe ƙafa da juriya, irin Asics Gel-Resolution da Adidas Barricade wanda tun 2000 ake fitar da shi, da Nike Cage irin wanda shahararren ɗan wasan tanis Nadal ya daɗe yana sawa. Ƙafa ɗaya takan kai wajen giram 400 ko sama da haka, ranar farko za ka ji kamar ka ɗaura bulo, sai ka yi wasa uku huɗu kafin ya saki jiki. Amma robar ƙasansu kauri gare ta, kuma an lulluɓe bakin yatsu da ƙarin roba saboda masu jan ƙafa lokacin sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi. Wannan jan ƙafar fa ba ƙaramin abu ba ne, je ka duba tsohon takalminka, in ka ga saman babban yatsa na ƙafa ɗaya ya goge ɗayar kuma lafiya lau, to kai ma kana cikinsu, kuma duk takalmin da ba shi da wannan kariya za ka huda shi kafin tafin ma ya ji jiki. A Amurka kamfanonin kan ba irin waɗannan garantin wata 6, in tafin ya huje a canja maka. Kar wannan ya ruɗe ka, mu nan wa za ka kai wa? Amma dai alama ce ta cewa sun yarda da robarsu.

Sai marasa nauyi, su Asics Solution Speed, Adidas Adizero Ubersonic, Nike Vapor. Kyau kam ba a magana, ka sa ka ji kamar ba ka sa komai ba, yara matasa su suke so. Sai dai abin da aka rage don su yi shafal shi ne robar da kai kake buƙata. Ƙwararren da kamfani ke ba shi takalmi kyauta bai damu ba in ya cinye shi a sati biyu, kai da za ka cire daga albashi fa? Ni ban ga abin da mai shekara arba'in da wani abu, mai buga dabul, wato wasan mutum bibbiyu, sau biyu a sati, zai yi da saurin da suke tallatawa ba. Ƙwallon da ta wuce ka ta wuce ka, ba giram hamsin ne ya hana ka kai mata ba.

Na tsakiya su ne nake ganin sun fi dacewa da yawancinmu. K-Swiss Hypercourt Express misali, cikinsa da faɗi da laushi, tun ranar farko ba ya cizo. Asics Gel-Dedicate da Adidas GameCourt da Nike Court Lite su ne na masu farawa, kuɗinsu a waje kusan rabin na manyan ne, manyan kan kai dala 140 zuwa 160, kai ka buga lissafin canji da kanka don ni na gaji da bin farashin dala. Ba su kai manyan riƙe ƙafa ba, gaskiya ce, in jikinka da nauyi ko ka taɓa samun matsalar idon sawu to ka daure ka hau na sama. Babolat kuma robar tafinsu ta Michelin ce, masu yin tayar mota, kuma tana jure siminti ba laifi.

Maganar faɗi kar a raina ta. Mu da muka tashi cikin silifas da takalmin fata buɗaɗɗe, ƙafarmu ta baje, yatsu ba su saba da matsi ba, yawancin takalman nan kuma siriri ake yanka su, musamman Nike. New Balance na fitar da mai faɗi, za ka ga an rubuta 2E a jikin takardar ciki kusa da lamba, in ka ci karo da shi kuma ƙafarka irin tawa ce kar ka bari ya wuce. Kuskuren da mutane ke yi shi ne in 43 ya matse su ta gefe sai su ɗauki 45, sai ya zama tsawo ya yi yawa, duk birkin da ka ci ƙafa ta zame gaba farce ya daki bakin takalmi, bayan kwana biyu ka ga farcen ya yi baƙi. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi wasa da ita, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, dunduniya kuma kar ta riƙa ɗagawa in ka taka.

Ka kifa takalmin ka dubi zanen tafin. In zane ne mai lanƙwasa kamar ƙayar kifi tun daga gaba har baya, sirara a jere, wannan na filin jar ƙasa ne irin na gasar Faransa, simintinmu zai lashe shi da wuri. Wanda ya dace da mu zanensa ya fi kauri kuma a gauraye yake. Da hunturu ne za ka gane amfanin zanen, ƙura ta kwanta a fili kamar an barbaɗa gari, mai sulɓaɓɓen tafi sai ka ga yana ta rawa shi kaɗai.

To ina za a samu? Nan ne gizo ke saƙa. Sabo gangariya sai dai ka yi oda ta intanet ko ka sa wani ya taho maka da shi daga Abuja ko Legas, kuma ba ka gwada ba, in ka yi oda ka tabbatar za su karɓa in bai yi maka ba. Wanda ke rataye a shago yana sheƙi da tambari babba da araha kuwa yawanci jabu ne, ka riƙe gaba da baya ka murɗa, in ya murɗu kamar tsumma ajiye musu kayansu. Na ƙwarai tsakiyarsa ba ta lanƙwasuwa, wajen yatsu kaɗai yake lanƙwasuwa, bayan dunduniya kuma in ka matsa da yatsa za ka ji tauri.

Gwanjo shi ne rufin asirin da yawanmu, kuma wallahi ana dacewa, musamman in kana da mutum da zai kira ka ranar da aka fasa dila. Amma sai ka buɗe ido, saman takalmi na iya zama fes alhali soson ciki ya riga ya mutu. Ka dubi gefen soson, in ya yi tamoji kamar fuskar tsohuwa to an gama cin amfaninsa, gwiwarka ce za ta biya. Ka ɗaga harshen ka karanta takardar, da yawa akwai shekarar da aka yi shi a jiki. Na taɓa sayen wani da ko taka shi ba a yi ba, ashe ya shekara da shekaru a ajiye gam ɗin ya bushe, na kuma bar shi a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, ka san yadda garin nan yake in zafi ya haura digiri 40. Wasa na biyu tafin ya buɗe baki. Na kai wa shumeka ya jujjuya shi ya ce, Alhaji wanga ko na sa mai gam ba ya kai sati, sai dai ɗinki. Ya ɗinke, ya koma na zuwa gona.

Shi dai yaron a ƙarshe Gel-Resolution na gwanjo ya samu, lamba 44, tafin da sauransa sosai sai igiya da ya canja da shimfiɗar ciki. Na ce masa ya riƙa zuwa da shi a leda ya sa a bakin fili, kar ya hau mashin da shi yana taka birki da kwalta, in an tashi kuma ya zare shimfiɗar ya shanya a inuwa. Jiya na hango shi a kasuwa sanye da shi yana cinikin albasa.