Ina ya fi dacewa ka ajiye hotuna da takardunka a intanet?

Mai wayar Android ya fara duba Google One, wato rumbun ajiya na Google a intanet, don manhajojin Google suna cikin yawancin wayoyin tun daga kamfani. Kowane asusun Gmail yana da 15GB kyauta, sai dai Gmail da Drive da Photos ne ke rabonsa, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ma a ciki take ci. Bidiyoyin biki da na suna su kaɗai sukan cinye shi, in ya cika kuwa har wasiƙun Gmail su daina shigowa. Da kuɗi kaɗan ana samun 100GB, a raba da mutum biyar na gida, kowa da nasa ba mai leƙa na wani. Ka saita ajiyar a kan Wi-Fi kawai don kada data ta ƙare dare ɗaya. Abin da ka goge a Drive yana kwana 30 a kwandon shara kafin ya tafi har abada.

iCloud 5GB yake bayarwa, na masu iPhone ne. OneDrive ma 5GB, sai mai biyan Microsoft 365 ke samun 1TB (kusan 1,000GB). Dropbox 2GB, ba ya kai ko'ina.

Abin da ya fi girman wuri muhimmanci shi ne: ran da aka sace waya, za ka iya komawa asusunka? Da yawa a nan suke asara, domin lambar shiga a layin da ya tafi da wayar take zuwa. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 da za ka shiga asusun da su ko babu layin. Ka rubuta su a takarda, ka adana tare da takardun gida. Kada ka bar mai shagon waya ya buɗe maka asusu da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani.

Ka guji masu tallar "Drive mara iyaka, biya sau ɗaya". Yawanci asusun wata makaranta ne ko kamfani suke saka ka a ciki. Mai kula da shi yana iya ganin kayanka, yana iya rufe shi gobe. Google ya daina bai wa makarantu wuri mara iyaka tun 2022.

Kwafi na biyu a gida wajibi ne, amma a nan jabu ya fi yawa. Filash ko memori mai rubutun 1TB a kuɗin banza, sau da yawa cikinsa bai wuce 8GB ko 16GB ba. An sauya masa bayani ne ya riƙa yi wa kwamfuta ƙarya. Zai karɓi komai, sunayen fayiloli su fito reras, ran da ka buɗe hoto ka tarar ba komai. Kafin ka zuba masa kaya, ka gwada shi da manhajar kwamfuta mai suna H2testw: tana cika shi fal, ta sake karantawa, ta nuna ainihin girmansa. In girman bai kai abin da aka rubuta ba, mayar wa mai shago.