Azapa, Ica ko San Pedro: wane gidan tarihi ya cancanci kuɗin motarka?

Wanda ya kai ƙafarsa har gaɓar yammacin Kudancin Amurka ya riga ya zubar da kuɗi mai yawa, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Tsakanin tekun Fasifik da duwatsun Andes akwai doguwar hamada da ta taso daga Peru ta gangara har arewacin Chile, kuma a garuruwanta ake samun wasu ƙananan gidajen adana kayan tarihi da ba a cika jin sunansu ba. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Abin da zai ci aljihunka shi ne mota da masauki da kwana, don tsakanin wani gidan da wani tafiyar yini ce cur, wani lokacin ma fiye. Dole sai an zaɓa.

Kafin ka yanki tikiti, ka fara tambayar zuciyarka ko za ka iya tsayawa ka kalli gawa. Ba ƙaramar tambaya ba ce ga wanda ya tashi ya ga ana suturta mamaci a kai shi makwancinsa a ranar. Bushewar wannan hamada ta sa jikin mutum da tufafinsa suna shafe dubban shekaru ba su ruɓe ba, shi ya sa yawancin abin da za a nuna maka daga kabari aka ciro shi. Amsar da ka ba kanka ita ce za ta nuna maka hanya.

Idan za ka iya, ni dai Azapa zan tura ka. Gidan yana ƙauyen San Miguel de Azapa, kilomita 12 daga birnin Arica a can ƙuryar arewacin Chile, an kafa shi a 1967, kuma Jami'ar Tarapacá ce ke kula da shi. Tasin haɗaka daga cikin gari zai kai ka, ta tsakiyar gonakin zaitun. Abin da ya sa ake zuwa shi ne mutanen Chinchorro, masunta da suka zauna a wannan gaɓa, ba su san tukunya ba, ba su san noma ba, amma tun kusan shekaru 7,000 da suka wuce suke gyara gawarwakinsu don su daɗe. Sun riga Masarawa da kimanin shekaru 2,000. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wurarensu cikin kayan tarihin duniya.

Yadda suke aikin ya isa a yi masa tsayuwar minti goma a gaban gilashi. Sukan raba nama da ƙashi, su ɗaure ƙasusuwa da sanduna, su cika jikin da ciyawa da toka, su yaɓe shi, su mayar da fata, sannan su shafe shi da baƙar ƙasar manganis. Daga baya suka koma shafa jar ƙasa. A kan fuska sukan ɗora marufin yumɓu mai ƴan ramukan ido da ɗan buɗaɗɗen baki, a kai kuma su liƙa gashin mutum. Waɗanda suka fi taɓa zuciya su ne jarirai: wani tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, amma an yi masa aikin da natsuwa kamar yadda aka yi wa babba. A Masar sarakuna da masu hali aka fi yi wa wannan hidima, a nan kuwa har ɓari ana yi wa. Mafi daɗewa daga cikinsu yara ne daga kwarin Camarones, inda ruwa ke da gubar asenik, kuma masanin nan Bernardo Arriaza yana ganin yawan mutuwar jarirai ne ya sa iyaye suka fara neman hanyar riƙe ƴaƴansu kusa da su. Hasashe ne, amma wanda ya ga fuskokin nan ba zai yi saurin watsar da shi ba.

Arica tana da ƙari. A gindin dutsen Morro akwai ɗan ƙaramin gida, Colón 10, inda masu aikin gini suka ci karo da makabarta a 2004, aka bar mamatan a inda suke, aka shimfiɗa gilashi a sama. A gaskiya tafiya a saman kabari ta fi ƙarfin zuciyata, kuma ba zan matsa wa kowa ya je ba. Illar Arica ɗaya ita ce nisa: daga Santiago, babban birnin Chile, ya haura kilomita 2,000, gara a shiga jirgi. Wanda ke Peru ya fi sauƙi ya sauka Tacna ya tsallaka iyaka da mota.

Wanda lokacinsa bai da yawa kuma a Lima, babban birnin Peru, ya sauka, Ica ce tasa. Kimanin kilomita 300 ne kudu da Lima, awa huɗu zuwa biyar a bas. Gidan tarihin yankin, mai ɗauke da sunan Adolfo Bermúdez Jenkins, ba shi da ƙyale-ƙyale, amma a ɗakuna kaɗan ya tara kayan tsofaffin al'ummomin Paracas da Nazca da Wari da Inka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga wa ya gaji wa. Duk mai son saƙa da surfani ya tsaya a mayafan Paracas. Zaren auduga ne da gashin dabbobi dangin alfaka, an rina shi ja da shuɗi da rawaya, an yi masa aikin allura filla-filla, siffa ɗaya tana maimaituwa da launi daban-daban, kuma bayan shekaru 2,000 launin bai kode ba. Tukwanen Nazca ma haka, da zanen kifi da tsuntsu. Ƙoƙunan kai da aka tsawaita da waɗanda aka huda don magani suna sashe na daban, don haka mai son kauce musu zai iya.

Kada sunan Paracas ya ruɗe ka ka ɗauka cewa gidan Julio C. Tello da ke cikin gandun Paracas ne ya fi kowa mayafai. A can ne Tello, masanin kayan tarihi ɗan Peru, da abokan aikinsa suka tono ƙunshin gawa 429 a Wari Kayan a 1927, amma mafi yawan kayan Lima aka kai su. Gidan ya lalace a girgizar ƙasar 2007, aka sake buɗe sabo a 2016. Yana da kyau da tsari, sai dai ziyarar awa ɗaya ce ga wanda dama zai je kallon teku da tsuntsaye. Idan ka zarce Nazca, kusan kilomita 140 gaba da Ica, don ganin manya-manyan zanen da mutanen dā suka yi a kan ƙasar hamada, to ka leƙa gidan Antonini, inda kayan da aka tono a Cahuachi, tsohuwar cibiyar ibadar mutanen Nazca, suke, da tsohuwar hanyar ruwa a bayan gidan.

Saura San Pedro de Atacama a arewacin Chile, garin da ke kan tudu mita 2,400, kimanin kilomita 100 daga filin jirgin Calama. Wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, Gustavo Le Paige, ya zo garin a 1955 ya fara tara kaya, har suka kai dubu ɗaruruwa, su ne suka zama gidan tarihin garin. Mutanen wurin, Likan Antai, suna nan da ransu, kuma sun daɗe suna cewa waɗannan kakanninsu ne, ba abin kallo ba. A 2007 aka janye gawarwakin daga gaban jama'a. Na ga girman wannan mataki, kuma ga wanda amsarsa ga tambayar farko ita ce a'a, nan ne wurin da ya dace da shi: zai ga ƴan faifan katako masu sassaƙa da ake shaƙar garin tsirrai a kansu, masu alamun Tiwanaku, wata tsohuwar daula ta kan tsaunukan Andes, shaidar cewa ayarin dabbobin lama sun daɗe suna haɗa hamada da tsaunuka. Ganuwar Quitor ma kilomita 3 ce daga gari. Sai dai an rufe tsohon ginin gidan tarihin don a yi sabo, aikin ya ja lokaci, saboda haka ka tabbatar da abin da ke buɗe kafin ka biya kuɗin masauki, wanda a San Pedro yana da tsada sosai.

Ko wanne ka zaɓa, yawancin bayanan da ke jikin gilashi da Sifaniyanci aka rubuta su, don haka ka sauke manhajar fassara a wayarka tun kana da intanet, ko ka ɗauki ɗan jagora. Gidajen gwamnati da dama a Peru ba sa buɗewa ranar Litinin. Ka riƙe ƴan canji na kuɗin ƙasar, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto a ɗakin da mamata suke.