GARGAƊI ga duk mai shirin yin biki a fili: kar ku tura wa kowa kuɗi sai kun ga mai wurin da kayan da idonku

Assalamu alaikum jama'a, don Allah duk wanda yake shirin biki ko yake da 'ya ko ƙanwa ko ƙani da za a yi wa aure kuma ana son a yi taron a waje, wato a lambu ko bakin ruwa ko wani buɗaɗɗen fili, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, yana da ɗan tsawo amma wallahi gara ka ɓata minti biyar da ka yi kukan da na ga an yi a gidanmu. Akwai masu damfara da suka mayar da irin wannan bikin sana'a, suna buɗe shafi a Instagram da Facebook da sunan masu tsara biki, kuma aikinsu ya yi kyau sosai har mai wayo ma sai ya faɗa.

Abin da ya sa bikin fili ya fi musu sauƙi shi ne babu abin da za ka gani kafin ranar. In zauren taro ka kama ai ginin yana nan, ƙofa tana nan, manaja yana ofis, ko ba komai ka san inda za ka je ka yi rigima. Amma fili fa ciyawa ce kawai da bishiyoyi, tanti babu, kujeru babu, wuta babu, banɗaki babu, komai sai an kwaso an kawo ana gobe ko ana jibi biki, to duk watannin da kake biyan kuɗi alkawari kake saya da hotuna, cinikin biri a sama ke nan, kuma ranar da za ka gane babu komai ita ce ranar da ba ka da lokacin gyarawa.

Ga yadda aka yi wa 'yar yayata da angonta. Shafin da suka samu hotuna ne masu ɗaukar ido, farin tanti, fitilu a jere a jikin bishiyoyi, tebura an shimfiɗa musu yadi, mabiya dubbai, kwament duk yabo. Mai shafin ya ce shi komai da komai yake yi a dunƙule, wurin, tanti, kujeru, dekoreshan, janareta, lasifika, masu abinci da mai hoto, ku dai ku zo da kanku kawai. Farashinsa ya yi ƙasa da na sauran da suka tambaya amma ba ƙasa sosai da zai sa mutum ya tsargu ba, nan ne wayonsa. Kuma da suka ce suna son ganin wurin bai yi gardama ba ko kaɗan, ya sa musu rana, ya tarbe su a bakin get ɗin wani lambu mai kyau da gaske, ya zagaya da su yana nuna nan za a kafa tanti, nan amarya za ta shigo, nan za a aje janareta don kar ƙara ta dami mutane, har yana gaisawa da masu gadi kamar ya saba da su. Ashe shi ma kiran masu lambun ya yi a matsayin kwastoma mai son duba wuri, suka ba shi lokaci kamar yadda suke ba kowa, shi kuma ya shigo da su a matsayin 'yan'uwansa. Babu wanda ya shiga ofis, babu wanda ya ga manaja, ya ce wai manajan ya fita kuma ai shi ne yake hulɗa da su kai tsaye.

Daga nan sai matsin lamba, wai akwai wasu ma'aurata da suke son wannan ranar, in ba a sa kafin alƙalami kafin dare ba, zai ba waɗancan. Aka tura rabi. Ya aiko rasit mai tambari da takardar yarjejeniya a WhatsApp, kowa hankalinsa ya kwanta. Bayan ɗan lokaci kuɗin izinin taro, sai kuɗin man janareta, sai kuma ya kira da muryar mai tausayi wai ya duba hasashen yanayi akwai yiwuwar ruwa gara a ƙara tanti mai bango da katakon shimfiɗa a ƙasa, wa zai ƙi? Duk abin da ya nema abu ne da bikin fili yake buƙata da gaske, shi ya sa ba a gane ba. Ana saura kwana kaɗan ango ya ce bari ya leƙa lambun ya ga ko an fara kawo kaya, masu wurin suka buɗe littafinsu babu sunansu, ranar ma wasu ne suka kama ta tun da daɗewa. Aka kira mai tsara bikin ya ce kuskure ne yana hanya, motar kaya ce ta lalace, zuwa yamma waya a kashe, washegari ya yi bulokin kowa, shafin kuma ya canza suna ya ci gaba da talla da hotunan nan dai. An riga an raba kati, baƙi na nesa sun sayi tikiti. An yi bikin dai da taimakon Allah da na dangi a wani wurin da aka samu cikin gaggawa, amma yarinyar nan ba ta yi barci ba a satin aurenta, kuma har yanzu in na tuna raina yana ɓaci.

Kar wani ya ce ai su ne ba su da wayo. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta faɗa a 2023 cewa daga 2021 zuwa lokacin mutane sun kai rahoton asarar dala biliyan 2.7 a damfarar da ta faro daga soshiyal midiya, kuma wannan na waɗanda suka kai ƙara ne kawai, masu jin kunya su yi shiru ba a ƙirga su ba. Ku tuna da Fyre Festival, wani bikin kiɗa da waƙa da aka shirya a 2017 a wani tsibiri na ƙasar Bahamas, masu kuɗi aka tallata wa a Instagram da manyan taurari cewa za su kwana a masaukai na alfarma, suka sauka suka tarar da tantunan agajin gaggawa da jiƙaƙƙun katifu, wanda ya shirya abin Billy McFarland aka yanke masa shekara 6 a 2018. Hoto mai kyau da taro a fili, salon ɗaya ne, girman ne ya bambanta.

To me za ku yi? Abu na farko kuma wanda ya fi komai, ku nemi lambar masu wurin da kanku, ba wadda mai tsara bikin ya ba ku ba, ku shiga ofishinsu ku tambaya kun san wannan mutumin? Ya taɓa aiki a nan? An rubuta sunanmu a wannan ranar? Kuɗin wuri kuma ku biya masu wurin hannu da hannu ku karɓi rasit ɗinsu, ko da mai tsarawar zai ɓata rai. Tambaya ɗaya tak a ofis da ta tona asirin wancan mutumin tun ranar farko.

Sannan kayan. Duk mai bayar da hayar tanti da kujeru na gaskiya yana da sito ko yadi inda yake tara su, tanti ba abu ne da ake ɓoyewa a aljihu ba, ƙarafa ne da tamfol masu nauyi da sai mota. Ku ce za ku zo ku gani. In ya ce shi ma haya yake ɗaukowa babu laifi, da yawa haka suke, sai ya faɗa muku wurin wa, ku kira su. Mafi kyau ma ku ce ya gaya muku inda yake da aiki a wannan satin ku je ku tsaya daga gefe lokacin da ake kafawa, gani ya kori ji. Mai gaskiya murna zai yi don talla ce a gare shi, ɗan damfara kuwa kullum akwai dalili, wai masu bikin ba sa son baƙi, wai wurin da nisa.

Ku kuma yi masa tambayoyin aiki, a nan suke faɗuwa saboda ba su taɓa kafa ko rumfa ɗaya ba. Wanda ya san aikin shi ne ma zai dame ku da tambaya, mutum nawa, a zaune da tebura ko kujeru a jere, ƙasar wurin ciyawa ce ko yashi ko siminti, saboda a ciyawa turaku ake kafawa amma a siminti sai an ɗaure da manyan nauyi, kuma kafin a buga turaku dole a san inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi a ƙarƙashin ƙasa. Zai yi maganar iska, don iska ta fi ruwa haɗari ga tanti, tana iya ɗaga shi da mutane a ciki. In da tebura za a zauna kowane mutum yana cin kusan murabba'in mita ɗaya ko fiye, wato baƙi 200 suna buƙatar sama da murabba'in mita 200 tun ba a sa wurin rawa da na abinci ba, to wanda ya ce maka kar ka damu tantinmu yana ɗaukar kowa bai san me yake faɗa ba ko kuma ba shi da niyyar kawowa. Ku tambayi girman janareta da abin da zai ɗauka, da ko akwai na ko-ta-kwana, ku tambayi banɗakin tafi-da-gidanka guda nawa, ta ina motar kaya za ta shiga, yaushe za a fara kafawa, yaushe za a kwashe, in ruwa ya sauko ina za a koma. Wanda amsarsa ga komai ita ce an gama, ba matsala, ku ji tsoronsa.

Hotunan shafin ma ku bincika, abu ne mai sauƙi, ku yi sikirinshot ku sa a Google Lens ko TinEye zai nuna muku inda hoton ya taɓa fitowa, na mutumin nan da muka duba daga baya na wasu kamfanoni ne a ƙasashe daban-daban, an yanke tambarinsu kawai. A Instagram in kun danna ɗigo ukun nan na sama galibi akwai bayanin akawun, yana nuna lokacin da aka buɗe shi da ko an taɓa canza masa suna, Facebook ma yana nuna ranar da aka buɗe shafi da tsofaffin sunayensa. Shafin da yake cewa ya shekara goma yana aiki amma bana aka buɗe shi, ko an canza masa suna sau da yawa, ya gama gaya muku komai. Mabiya da kwament sayensu ake yi, ni abin da nake dubawa shi ne ko akwai amare na gaske da suka yi tagin ɗinsa a nasu hotunan, sai in tura musu saƙo in tambaya.

Maganar biya kuwa, kar a fahimce ni ba daidai ba, karɓar kafin alƙalami ba laifi ba ne, masu gaskiya ma suna karɓa saboda sun hana wa wasu ranar, kuma ina tausaya musu don waɗannan ɓarayin suna ɓata musu suna. Abin dubawa shi ne yadda ake karɓa. Sunan da ke kan akawun ɗin banki ya dace da sunan da ke kan yarjejeniya, in aka ce tura a na ƙanena ko na matata don namu yana da matsala ku tsaya. In da hali ku biya da kati saboda banki yana da hanyar ƙalubalantar ciniki in ba a yi maka aikin ba, amma tiransifa kai tsaye ko kirifto ko katin kyauta da wuya su dawo. Masu amfani da PayPal ku sani in kuka tura ta ɓangaren abokai da dangi babu kariyar mai saye, shi ya sa suke roƙon a bi ta nan. A raba kuɗin kashi-kashi a rubuce, kaso mai tsoka ya rage sai kaya sun sauka a filin. Yarjejeniyar ta ƙunshi cikakken suna, adireshin da kuka taka da ƙafarku, rana, adadin kowane kaya, da abin da zai faru in an fasa ko ruwa ya hana. Kuma ko da kuna hulɗa da kamfani na gaskiya, in saƙo ya shigo cewa mun canza akawun ku tura ragowar a wannan sabon, kar ku tura sai kun kira tsohuwar lambar da kuka sani kun ji daga bakinsu, ana kutsawa imel ɗin kamfanoni a yi wannan sosai.

In kuma an riga an cuce ku, don Allah kar kunya ta sa ku yi shiru, shirun nan ne yake ba su damar kama na gaba. Ku kira bankinku a take ba sai gobe ba, wani lokacin ana iya riƙe kuɗin in bai fita daga ɗaya akawun ɗin ba, ku adana duk hira da rasit da lambobi da hoton shafin kafin ya goge ko ya canza suna, ku kai rahoto wurin 'yan sanda, ku yi rifot ɗin shafin ku sa 'yan'uwa su ma su yi, ku sanar da masu lambun da aka yi amfani da sunansu don su sa ido a kan masu zuwa duba wuri. Sannan ku shirya, da zarar kun rubuta abin da ya same ku wasu za su shigo inbok su ce su ƙwararru ne za su dawo muku da kuɗin in kun biya wani abu kaɗan, mu ma sun zo mana, kar ku ba su ko sisi, sau da yawa ma mutanen nan ne dai suka dawo da wani suna.

Ku tura wa duk wanda kuka san an sa masa rana, musamman waɗanda suke shirya biki daga nesa suna dogara da waya, su a samu wani ɗan'uwa ya je ofishin wurin da siton kayan a madadinsu kafin a tura komai.